Doguwa da Kwandon Wayoyi

Litinin, 6 ga Oktoba
Na gama duba aikin gidan 'yan aji huɗu. Cikin yara talatin da takwas, ashirin da shida kuskurensu ɗaya, a layi ɗaya. Har inda mai aikin ya soke bakwai ya mai da ita tara, su ma sun soke. Wato littafin mutum ɗaya aka ɗauka a hoto aka raba ta waya. Shekara sha tara ina koyar da lissafi, ba a taɓa raina mini hankali irin na yau ba.

Laraba, 8 ga Oktoba
Na kawo kwando. Duk mai shiga ajina ya jefa wayarsa ciki. Malamin kimiyya yana ta yi mini dariya a ofis, wai, "Malama, da zamani za ki yi dambe?" Na ce e, kuma ni zan kayar.

Doguwa ce kaɗai ta tsaya gardama. Ita ce ta fi kowa lissafi, kuma ba ta cikin masu kwafa. A bencin ƙarshe take zama, don bisa tsayi nake jera su. Ta ce, "Malama, allo kawai nake ɗauka." Na ce hannunki ciwo yake? Ki rubuta kamar kowa.

Juma'a, 17 ga Oktoba
Gwaji. Ajin ya ɗan motsa, Doguwa kuwa tara cikin talatin. Aikinta daidai, tambayar ce take kwafa a karkace, uku ta koma takwas. Sakaci ne zalla. Na rubuta wa uwarta takarda cewa waya ta lalata mata kai.

Talata, 21 ga Oktoba
Shugaban makaranta ya ce wanda bai kai rabi ba a jarrabawar ƙarshen zango, a cire shi daga ajin kimiyya. Ga Doguwa kuwa ba ta da zance sai na zama injiniya. Uwarta ta zo ta yi mini godiya, wai ta ƙwace wayar gaba ɗaya ta kulle.

Litinin, 27 ga Oktoba
Wani gwajin, Doguwa sha ɗaya cikin talatin. Na wanke ta tas a gaban aji. Haushi ya bi ni har gida, maigidana ya sha faɗan da ba nasa ba.

Laraba, 29 ga Oktoba
Na gaji da yaran nan, wallahi na gaji.

Alhamis, 30 ga Oktoba
Surutu ya kai ni bayan aji. Ina tsaye kusa da Doguwa na ce ta karanta layi na uku a allo. Ta miƙa wuya, ta ƙanƙance ido. Can ta ce, "Malama, fari-fari kawai nake gani." Tun yaushe? Tun bara. Ashe hoton allon take ɗauka, ta buɗa shi da yatsu biyu ya yi girma, sannan ta kwafa. Na ce me ya hana ki faɗa? Ta ce, "Ai na ce miki allo nake ɗauka."

Ta faɗa kuwa. Ni ce ban tambaya ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba
Na dawo da ita gaba, gefen taga, don kada ta tare wa gajeru. Ko a nan sai ta matse ido. Saura sati uku jarrabawa, littafinta cike da lambobin da ba su ba.

Dokata tana nan daram, masu kwafa ba su canza hali ba. Sai dai yau da na gama rubutu na ɗauki allon da tawa wayar, na ajiye mata a kan benci. Malamin kimiyya ya gani ta taga, ya wuce abinsa. Da ma dariyar ya yi, da ta fi mini sauƙi.

Takardar da na aika wa uwarta ce ke damuna. Wannan karon ba rubutu, gobe da ƙafata zan je.