Ina Zan Tura Guguwar?

Zuwa ga Yaya Norhata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Inna da yara. Ƙafar Inna ta yi sauƙi? Mijinki yana nan da minsharinsa? Ni lafiyata ƙalau a nan tsibirin Samar.

Guguwa ce dai ta taso daga teku, ba wanda ya san inda ta nufa. Shekaranjiya rediyo ta ce kanmu za ta sauka. Muka kinkimi kwalekwalen maigidana, Mano Berting, har cikin gonar kwakwa, muka ɗaure rufin gida da igiya, muka danne da tsofaffin tayoyi. Jiya aka ce ta yi arewa, muka sauko da kwalekwalen. Yau kuma wai ta juyo. Na ce, "Mano, mu yi wa jirgin nan ƙafafu mana." Ya ce, "Kai ɗan malam, bar surutu, karanto abin da zai kora ta kudu."

Na ɗaga hannu, sai na tuna kudu ku ne. Arewa kuma can matarsa ta gudu da yara. Na tsaya baki buɗe, shi ya zaci addu'ar ce mai tsawo.

Kafaɗata ta ɗan saɓule, kar Inna ta ji. Ki ɗauke ta daga bakin tafki, ki kai ta tudu gidan Kawu. Ki tambayar mini Malam na masallacinmu, ina ake tura iska in ko'ina da mutane? In amsa ta makara, zan roƙi Allah Ya bar guguwar a nan. Mu dai mun riga mun ɗaure rufi.

Ƙaninki,
Makmod