Yajin da Na Zuba wa Kyanwar Jikata

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da ku masu karatu. Ina gaishe ku da kyau. A ɓoye sunana, kuma wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Ni ban yi boko ba. Wata maƙwabciyarmu 'yar Jos, nas ce, ita ke riƙe da alƙalami, kuma ta yi mini alkawarin abin da na faɗa shi za ta rubuta, ba ragi ba ƙari.

Mu biyar ne a falo ranar da abin ya faru. Akwai ni. Akwai 'yata ta fari, wadda ba na kiran sunanta, tana da kwana ashirin da haihuwa, da jaririnta a cinya. Akwai mijinta, Likita, wanda gwamnati ta turo ƙarin karatu a wani babban asibiti nan Camberwell, tun da kuɗin fetur ya sa ake watso yaranmu Ingila kamar ana watsa wa kaji tsaba. Sai jikata Ummi, takwarata, 'yar shekara bakwai. Ta shida, in har za a ƙirga ta cikin mutane, 'yar kyanwa ce, kwance a kwalin takalmi, kwananta uku ba ta sa komai a bakinta ba.

Bari in koma baya. Wankan jego aka kawo ni. Na zo da busasshen ganyen runhu, da gero, da kanwa, da yajin jego da na daka da hannuna: barkono, citta, masoro, kanumfari da tafarnuwa. Ina shiga gidan me zan gani? Kyanwa a kan kujera. Wai wata tsohuwar Baturiya ta ƙasan bene ce ta ba Ummi, don kada ta ga an yi mata ƙane an manta da ita. Har an raɗa mata suna, Biskit, ba rago ba liman. A garinmu kyanwa ta san matsayinta, tsakanin rumbu da ɓera. Nan kuwa tana da faranti, tana da bargo, tana da tiren yashi a bayan ƙofar kicin inda take kashi, kicin ɗin da nake dama kunun kanwa! Gashi a darduma, gashi a mayafina, gashi a bakin kofi. Ummi ta sumbace ta a baki, ta zo ta tsoma hannu a kwanona. In ce, "Takwara, tashi ki wanke hannun nan." Ta ce, "Kaka, she's clean." Hausa tana ji sarai, amma da Turanci take mayar mini da magana. Na yi wa uwar ƙorafi, ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, nan haka ake yi." Likita kuwa surukina ne, ko ruwa ba na sha a gabansa, ina ni ina kai masa ƙarar kyanwa?

Wata rana da hantsi na fito da mai jego daga wanka, na leƙa gadon jariri, sai na tarar da kyanwar tsugune a ƙirjinsa tana lasar tumbuɗin gefen bakinsa. Yaron da ko arba'in bai yi ba! Na fizge ta na yar. Ban gaya wa kowa ba, don na san haƙurin dai za a sake ba ni. Na ce a raina, wadda ta yaye 'ya'ya bakwai ba za ta kasa yaye kyanwa ba. Mu in yaro ya ƙi sakin nono, abu mai ɗaci muke shafawa, ya lasa sau ɗaya ya haƙura. Sai na ɗebi yajin jego na kaɗa mata a madara, don ta tsani ƙamshin nono ta rabu da jikana. Ta lasa, ta yi atishawa, ta shige ƙarƙashin kujera. Da yunwa ta ci ta, ta dawo ta sha. Washegari na ƙara, har da 'yar kanwa. Rana ta uku ma haka. Wallahi horo na nufa, ban nufi kisa ba.

Sai amai, sai zawo. Yawu na dalala, ido duk kwantsa, ga wani wari da ke manne wa mutum a maƙogwaro. Aka buɗe mata kifin gwangwani ta kau da kai. Aka dafa hanta aka marmasa, ko kallo. Kuma wa ke kwashe ƙazantar? Likita na asibiti, Ummi na makaranta, mai jego ba ta sunkuyo. Ni ce dai, da tsumma a hannu ɗaya, ɗayan na toshe hanci, ina tsine mata a zuci alhali na san wanda ya kwantar da ita.

To, ranar da nake ba ku labari, bayan la'asar Likita ya dawo da ita daga wurin likitan dabbobi. I, suna da shi, har da kati da layi. Ya ajiye kwalin ya ce, "Likitan dabbobin ya ce wani abu ta ci da ya ƙona mata baki da ciki. In ba a san ko mene ne ba, lalube kawai yake a duhu. Ya ba mu zuwa Litinin. In ba ta fara ci ba, allurar da ba a tashi zai yi mata, don kada ta yi ta wahala." Sannan ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa, ni ko ɗaga ido bai yi ya dube ni ba saboda kunya. Ya ce, "Akwai wanda ya ba ta wani abu?"

Ina da baki. Na sunkuyar da kai ina jan carbi. Sai Ummi ta fashe da kuka, Hausar da ba ta fitowa ranar ta fito: "Baba, ni ce. Na ba ta cakulan, kaɗan, sau ɗaya." Ya ce, "Sau nawa na ce miki guba ce a wurinsu? To kin gani." Uwar ta ce, "Ya isa haka, don Allah." Yarinyar ta juyo wurina, majina da hawaye, ta ce, "Kaka, na kashe ta?" Kun san me na ce? Na ce, "Kowa da ajalinsa." Tir da wannan baki. Tsohuwa da furfurarta ta bar 'yar shekara bakwai ta ɗaukar mata kaya. Ƙyamar da na yi wa kyanwar nan tun zuwana ba ta kai rabin wadda na ji a kan kaina ba. Aka zuba tuwon shinkafa, Ummi ta ture, wai ba za ta ci ba sai Biskit ta ci. Ni kuwa na sha jin malamai suna faɗin makomar wanda ya azabtar da dabba da yunwa, ba sai an tuna mini ba.

Za ku ce in faɗi mana. Da wane ido? In zauna gaban suruki in ce ina kallo ya yi wa 'yarsa faɗa a kan laifina? Da ma can yana harar kunun kanwa, yana cewa ruwan wankan ya cika zafi. In ya ji abin da yajina ya yi wa kyanwa, zai bari in ƙara barbaɗa wa matarsa? Sai a tsayar da jego a rabi, 'yata ta tashi da ɗanyen jiki a ƙasar sanyi. Ita Ummi kuma, da kullum take miƙo mini kai in yi mata kitso, me za ta riƙa gani in ta dube ni?

Da gari ya waye na wanke farantin sau uku. Na ɗauko kwalbar madarar da ake ajiye mana a bakin ƙofa, na ɗumama kaɗan, na sirka da ruwa. Na ciro kyanwar daga kwali, ƙashi da fata, na danne zuciyata na ɗora ta a cinya. Ta sansana yatsuna ta kau da kai. Ta san hannun. Na tashi na goge shi da sabulu har ya yi ja, na dawo na tsoma gefen mayafina a madarar ina matsa mata ta gefen baki, yadda muke yi wa ɗan akuyar da uwarsa ta mutu. Ɗigon farko ya zube. Na biyu ta haɗiye. Ta haɗiye biyar, ta amayar da rabi a kan zanena, ban motsa ba. Ashe Ummi na tsaye a bakin ƙofa. Ta rugo ta rungume ni, da aman da komai, ta ce, "Kaka, za ki gyara abin da na ɓata?"

Na san kafin wasiƙar nan ta iso ku Litinin ta wuce, kyanwa ko ta tashi ko an yi mata allurar. Amma yarinyar tana nan, ta yarda ita ce mai laifi, ni ce mai ceto. Sunan abin da kyanwar ta ci yana bakina, sauran yajin yana cikin akwatina.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?