Tagar Ɗakin Jego

Kibiya, daren Talata, cikin marka

Na gaji, kaina sai sarawa yake. Tun da Yaya Binta ta haihu Gwaggo ke zuba garwashi a ƙarƙashin gadon ƙasa. Yau da yamma kuma ta toshe taga da tsumma, wai kada sanyi ya shigi maijego. Ina gefe da littafin soyayyata, sai na ga harshen fitila yana ƙanƙancewa, Yaya tana lumshe ido, jinjirin ya saki nono. Ni mai kunyar gaisuwa ma, na miƙe na fizge tsumman.

Gwaggo ta ce, "Ke Ladi, kashe min 'ya za ki yi?"

Yaya ta ja dogon numfashi. "Bar ta, Gwaggo, yanzu na dawo hayyacina."

Gwaggo ta rantse da asuba za ta sake toshewa. Allah ka tashe ni kafin ta tashi.