Ƙorafi a kan Mesar Gidan Marigayi Alhaji Abdul-Karim

Daga: Hajiya Mubarika Sanni,
Gidan marigayi Alhaji Abdul-Karim, ɗakin da ke kusa da famfo,
Ayigya Zango, Kumasi.

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga: Mai Girma Alhaji Jibirin Awalu,
Shugaban Kwamitin Dattawa da Masu Gidaje na Unguwa,
Ayigya Zango.

Game da: Mesar da Fadil Abdul-Karim yake kiwo a cikin gidan haya, wadda ta hana 'yata Farhana dawowa gida wankan jego.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da sauran dattawan Kwamiti, ni ce Mubarika, matar marigayi Malam Sanni tela, mai koko da ƙosai a bakin tashar mota. Ina zaune a gidan nan tun kafin a jawo masa famfo, kuma kai shaida ne ban taɓa kawo ƙarar kowa ba. Yau na kawo, a rubuce, domin na riga na kawo da baki iska ta kwashe.

1. Ranar Lahadi 3 ga Maris na bana, mako guda kafin azumi, Fadil, ɗan autan mai gidan, wanda makullan gidan suka koma hannunsa bayan rasuwar mahaifinsa, ya shigo da wani akwatin gilashi da ƙatti huɗu suka ɗauko. A ciki akwai mesa. Tsawonta ya fi tabarmar salla biyu a haɗe, kaurinta kuwa cinyar babban mutum. Bai shawarci ko mutum ɗaya ba a cikin iyalai tara da muke wanka a bayi ɗaya, muke girki a madafa ɗaya. Ya raɗa mata suna Gimbiya. Ya saya mata fitila ta musamman don kada ta ji sanyi, alhali fitilar lungun bayinmu ta mutu tun bara, muna shiga da tocilan waya. Yana ba ta kaji da zomaye da ransu, ɗaliban jami'a suna cika tsakar gida suna ɗauka a waya suna shewa. Wanda bai taɓa jin kukan zomo a lokacin da ake matse shi ba, Allah kada ya sa ya ji. Yaran gidanmu sun ji.

2. Ranar Alhamis 27 ga Yuni da hantsi, mesar ta fita daga akwatinta. Maƙwabciyata Alima ta kai hannu bayan buhun gawayi a madafa ta taɓa ta. Har yau Alima a ƙofar ɗakinta take hura kurfoti. Fadil ya zo yana dariya ya saɓa abarsa a kafaɗa, ya ce ba ta da dafi, wai ita ce ma take tsoronmu, wai a ƙasashen waje mutane masu wayewa suna kiwon irinta. Da na yi magana, sai ya ce gidan ubansa ne, wanda zaman bai yi masa ba ga ƙofa, ɗalibai na nan suna neman ɗaki. Ranka ya daɗe, yaron da ya faɗa mini haka, ni na yi masa wankan farko da hannuna, ni na gasa masa cibi, ni na dama wa uwarsa kunun kanwa har ta yi arba'in. Na haɗiye maganar don darajar kabarin mahaifinsa.

3. Wannan ita ce babbar, ina roƙon a karanta ta a hankali. Kowa ya san al'adarmu: yarinya in ta ɗauki cikin fari, a wata na bakwai ake mayar da ita gidan iyayenta, ta haihu a gaban uwarta, uwar ta yi mata wanka safe da yamma har kwana arba'in. Farhana ita kaɗai Allah ya bar mini. Tana aure a Asokore Mampong, gidan Kamaldeen. Tun da na ji tana da ciki na je kasuwar Kejetia na zaɓo babban daro sabo, na tanadi itace, kanwa da kayan yaji, na jingine daron a bayan ƙofata ban bari ko ruwa ya taɓa shi ba.

Ranar Lahadi 4 ga Agusta, Hajiya Ayishatu, mahaifiyar Kamaldeen, ta zo da ƙanwarta da ƙullin goro domin mu sa ranar kawo yarinya. Muka gaisa, muka ci abinci, magana ta yi daɗi. La'asar ta yi, ta ɗauki buta ta nufi bayi. A can ta tarar da mesar kwance a cikin ruwan ɗumi, a cikin daron jegon 'yata, fatarta tana saɓulewa tana yawo a kan ruwan. Ashe Fadil ya ga abarsa za ta yi saɓa tana bukatar jiƙo, ya duba gidan kaf bai ga abin da zai ɗauke ta ba sai darona, ya ɗauka da safe ina wurin sana'a, bai tambayi kowa ba. Hajiya Ayishatu ba ta yi ihu ba. Ta dawo ta ɗauki mayafinta, ta ce za ta yi salla a hanya. Baƙuwa ta ƙi yin salla a ɗakina, ranka ya daɗe. Da na tuhumi Fadil, cewa ya yi in wanke da omo, ai ruwa ne kawai.

4. Bayan kwana biyu suka aiko cewa Farhana ba za ta zo ba. Suka ce ba za su kai mai ciki da jariri gidan da ake kwana da mesa ba, kuma mutane na cewa ƙamshin nono yana jan maciji. Ko yana ja ko ba ya ja, ban ga laifinsu ba. Da jikana ne a gidan wani, abin da zan yi ke nan. Amma magana ba ta tsaya nan ba. Yanzu a Asokore Mampong ana cewa a gidan su Farhana ana ajiye macijin kuɗi, abin da Asantawa ke kira sika duro. Ni da nake tashi tun asuba ina tace gasara, yau ni ake kallo ana taɓa juna a wurin biki. Zama da maɗaukin kanwa ne ya jawo mini farin kai, kuma ban zaɓi zaman ba.

5. Ranar Juma'a 9 ga Agusta na zo ƙofar gidanka bayan an sauko daga masallaci, na durƙusa na faɗa maka wannan duka. Ka ce za a duba. Ranar 17 ga wata Kwamiti ya turo Malam Nasrullah. Ina faɗin wannan da ladabi, amma sai na faɗa. Malam Nasrullah ya shiga ɗakin Fadil, aka kawo masa lemo mai sanyi, ya jima, ya fito yana nuna wa mutane hotonsa a waya da mesar a wuyansa. Ya ce mini dabbar tana da sanyin hali, in yi haƙuri. Ban kawo ƙara a kan halinta ba. Daga ranar ban sake jin komai daga Kwamiti ba, kuma na yi haƙurin wata biyu cur.

6. Shekaranjiya Asabar, 12 ga Oktoba, Farhana ta sauka lafiya, namiji, alhamdu lillahi. A waya na ji, kamar yadda maƙwabta suka ji. Na shiga mota na je. Na tarar wata tsohuwa da ban san ko sunanta ba ta riga ta yi mata wankan yamma. Aka shimfiɗa mini tabarma a falo tare da 'yan barka, aka miƙo mini jikana na ɗan riƙe, aka karɓa don wasu baƙi sun shigo. Matan unguwar nan nawa na yi wa jego, ranka ya daɗe? Ka tambayi iyalinka. Na yi wa 'ya'yan kowa, tawa guda ɗaya na je na yi mata barka na dawo. Wallahi raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa ji ba tun rasuwar mijina.

Hajiya Ayishatu mutuniyar kirki ce. Da ta rako ni ƙofa ta ce suna ranar Asabar mai zuwa ne, 19 ga wata, a gidansu. In mesar ta bar gidanmu kafin ranar, kuma ta aiko an gani da ido, washegari da kanta za ta kawo mini Farhana ta ƙarasa arba'in a hannuna. In ba ta bar gidan ba, maganar ta ƙare.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Shugaba da Kwamiti abubuwa kamar haka:

Na ɗaya, a umarci Fadil ya fitar da mesar daga gidan kafin ranar Juma'a 18 ga Oktoba. Ban ce a kashe ta ba, ita ba ta san abin da ta yi ba. A kira ma'aikatan kula da namun daji su ɗauke ta, ko ya kai ta duk inda ba a shanya zanen jarirai.

Na biyu, dattijo guda daga Kwamiti, ba wanda aka turo a baya ba, ya je Asokore Mampong ya shaida wa surukaina da bakinsa cewa dabbar ba tawa ba ce, kuma babu tsafi a ɗakin Malam Sanni.

Na uku, in Kwamiti ya ga ba zai iya da ɗan mai gida ba, a faɗa mini gaskiya kafin Laraba. Kada a sake ce mini in yi haƙuri.

Ranka ya daɗe, yau da safe Farhana ta kira ni. Kunyar ɗan fari ba ta barin ta ambaci yaron, ba ta kuma ce mini wankan can da zafi ko ba zafi. Abu ɗaya ta tambaya, da murya ƙasa-ƙasa don kada a ji ta: "Mma, in fara haɗa kayana, ko in bari?" Na ce mata zan kira ta. Ban kira ba har yanzu, domin amsar ba a wurina take ba, tana wurinka.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya sa a gama lafiya. Ina neman afuwa in harshena ya yi kaifi a wani wuri.

Taka cikin ladabi da biyayya,

Hajiya Mubarika Sanni
(sa hannu)