Tsohon Python ɗin da na goge

Daren Laraba, Jekadafari

Na kasa barci. Maigidana Yaya Bashir yana falo har yanzu, ni kuwa na shige ɗaki kamar mutuniyar kirki.

Da rana kwamfutarsa ta ƙi karɓar littafin da nake saukewa, wai babu wuri. Na duba na ga wani abu mai suna Python har biyu, tsoho da sabo. Na ce me za a yi da tsoho ga sabo? Na goge shi, na koma kan labarina.

Bayan isha'i ya buɗe manhajar da ya rubuta wa mai kemis a Bolari, wadda zai kai gobe. Ta ƙi tashi. Ya yi ta bin layukan rubutunta da yatsa har ya gano irin Python ɗin da take buƙata kafin ta yi aiki. Tsohon ne.

"Amarya, da hannuna na sa shi fa. Ko tsufa ya fara kama ni?"

Na yi dariyar yaƙe. Datarsa ta ƙare, sai na kunna masa tawa ta littattafai ya sake sauke shi. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, kin fitar da ni kunya."

Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. A littafi mace takan faɗi gaskiya da hawaye, miji ya share mata. Ni sai shayi na ƙara masa.

Yanzu na ji yana hamdala, manhajar ta tashi ke nan. Bari in fita in faɗa masa tun yana murna.