Mai Kwalekwale a Kogin Toka

St. George, 9 ga Maris, 1997

Yaya Nataniyel,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya. Matata Lea tana gaishe ka. Ka san ni da waya ba ma shiri saboda in'inata, shi ya sa na ɗauki biro.

Faifan wasan kwamfuta da ka aiko ya iso. Ranar Asabar da na taso daga aikin jirgin ruwa na ɗora shi a kan tsohon wasan, kafin Lea ta sauke tuwo na gama shi. Haba Yaya, shekara guda kana rubutu a kamfanin nan, ƙarin wasa na awa biyu kawai ka fitar? Amma dajin ya yi kyau, kuma takobin nan da ke ƙara nauyi duk sanda ka kashe wani ya burge ni ƙwarai. Dodon ƙarshe kuwa ragon banza ne, sara uku ya zube kamar buhun gawayi.

Wanda ya ƙona mini rai shi ne mai kwalekwale a Kogin Toka. Bakinsa na ta motsi, kwalekwale ya ƙi tafiya. Kwamfutata ba ta da sifika, ban ji abin da yake cewa ba. Da na ga an rubuta "tura shi ruwa" sai na danna, aka ba ni sulke. Na yi dariya har Lea ta leƙo.

Duk da haka ina alfahari da kai. Na nuna wa abokan aikina sunanka a bayan kwalin.

Ƙaninka,
Shamshon

Unguwar Jamaica, 15 ga Maris

Shamshon,

Na ga takardarka, ka gaida Lea. Yanzu mai ɗaure igiyar jirgi ne zai koya mini tsawon labari? Mai kwalekwalen da ka raina shi ke sayar mana da faifan. A ofis har gasa ake yi, a ga wa zai fi saurin jefa shi. Ka bar rowa ka sayi sifika mana, ba ka ji komai ba tukuna.

Sai mun haɗu a coci.

Nataniyel

St. George, 23 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Na sayi sifikar.

Tun da na zo ƙasar Turawan nan sau ɗaya na taɓa kiranka a waya, ranar da Mama ta rasu a Jos. Ba ka gida, na'urar ajiye saƙo ce ta ɗauka. Na maƙale a "Ma... Ma... Ma...", ina kuka, maganar ta ƙi fita.

Wannan muryar ce ke fitowa daga bakin mai kwalekwale. Lea ta ji daga kicin, ta zo ta tsaya a bayana riƙe da ludayi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, har a makarantar firamare.

Kai kaɗai ka rage mini, Yaya. Ka ce mini kuskure ne, ka ce wani a ofis ya ɗauki kaset ɗin na'urar ba da saninka ba. Ko me ka faɗa zan yarda.

Ƙaninka,
Shamshon

Jamaica, 29 ga Maris

Shamshon,

Ka gaida gida. Ba kuskure ba ne. Muna neman yaren aljanu, na tuna da kaset ɗin, na miƙa wa mai haɗa sauti ya zuba shi yadda yake. Turawa ba sa jin Hausa, wa zai gane ka? Ni kaina ban taɓa sauraronsa har ƙarshe ba. Lea ce ta kira ni washegari ta faɗa mini rasuwar cikin numfashi ɗaya.

Shekara talatin ina tsaye ina jiran ka ƙarasa magana, Mama tana cewa in yi haƙuri da kai. To na gaji. Kuma kar ka manta, kai ma ka tura shi, ka yi dariya. Da hannunka ka rubuto mini.

Yayanka,
Nataniyel

St. George, 6 ga Afrilu

Nataniyel,

Na sake komawa Kogin Toka. Wannan karon ban danna komai ba, na naɗe hannu na jira shi. Minti huɗu ya ɗauka. A ƙarshe ya ce, "Mama ta rasu. Yaya, ka zo, ni kaɗai ne."

Daga nan bakinsa ya tsaya. Ba sulke, ba hanya, kwalekwalen bai motsa ba. Ba ka rubuta komai ba domin wanda ya jira.

Ga faifanka a cikin ambulan. Ka zauna lafiya.

Shamshon