Simintin da Na Shafa wa Bangon Mutane

Da sunan Allah. Ni mahaifinku nake rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, ƙirji ne kawai ya gaza. Likita ya gama bayaninsa, amma ba shi ya girgiza ni ba.

Abin da ya girgiza ni ranar Talata na gan shi. An kai ni tsohon ɗakin karatun da na gyara shekara ashirin da shida da suka wuce, wai yaɓen ya kumbura. Na ƙwanƙwasa da ƙotar cokalin gini, ya amsa kamar ganga. Na ɓamɓare wuri kamar tafin hannu. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Jan bulon da ya shekara ɗari lafiya ya koma gari, na cusa yatsa ya shige duka. Simintin da na shafa ya kulle danshi a ciki, ya hana bango shan iska. Ni na kashe shi, aka kuma ba ni takardar yabo.

Na ɗaya. A akwatin ƙarfena akwai baƙin littafi, da sunayen gine-gine goma sha ɗaya da na yi wa wannan aika-aika. Ku ɓamɓare simintin duka, ku fara da makarantar da ke cikinsu. Yara na jingina da bangon ajin gabas kullum. Cikin makon nan ku gaya wa shugaban makarantar ya kwashe su, ku ce ni na aiko ku.

Na biyu. Kayan aikina duka na Auta ne. 'Yata, da kika dawo daga kwas ɗinki kin gaya mini tsohon bulo farar ƙasa yake so, kwaɓi mai taushi da zai bar danshi ya fita. Na yi miki dariya gaban leburori, na laƙaba miki Malama Takarda, na ce tun ba a yaye ki ba nake gini. Shekara tara ke nan ba ki taka wurin aikinmu ba. Kin fi ni gaskiya, ina jin kunya. Ki yafe mini.

Na uku. Babba, kai ba ka yi laifi ba, biyayya ka yi wa ubanka. Amma buhunan simintin da ka jibge don tsohuwar kotu, kada ka fasa ko ɗaya. Ka zauna gaban ƙanwarka ka koya. Gemu ba ya hana ilimi, balle naka da bai gama cika ba. Gabar da ke tsakaninku ni na hura ta, ku binne ta tare da ni.

Na huɗu. Takardar yabon nan ku sauke ta daga falo, ko da mahaifiyarku za ta yi ƙorafi, tunda ita ke goge ta. Ku rataye ta a sito, da ɓarɓashin bulon a gefenta, duk mai koyon aiki ya gani. Gida kuma kada a raba shi mahaifiyarku tana raye.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare hannayenku daga irin kuskurena. Kada ku yarda ku rabu. Ranar da za ku fara ɓamɓarar aikina, Babba, kai za ka riƙe tsani, Auta za ta hau.